Rigar ta fito kamar buhu, ina na kuskure?

Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah a taimaka min kafin in yi jifa da tsinken nan. Wata biyu ina saƙa wa ɗan yayata rigar sanyi, yaro ɗan shekara biyu. Jiya na haɗa gaba da baya, da na ɗaga ta sai na ga ko ɗan shekara biyar iyo zai yi a ciki. Wallahi ban ƙara ido ko ɗaya ba, wato madaukan zaren da ake ɗorawa kan tsinke, yadda takardar saƙar ta ce in ɗora haka na ɗora. Ta ce tsinke lamba 8, lamba 8 na nemo.

Goggo: Wa alaikumus salam. Kin saƙa ɗan gwaji kafin ki fara?

Auta: Wane gwaji kuma, Goggo?

Goggo: Shi ke nan, an kama ɓarawo ɗaya.

Malama: Ɓarayin biyu ne, Goggo. Auta, ɗauko tsinken ki duba jikinsa, milimita nawa aka rubuta? Sannan takardar da kike bi ta ina ce?

Auta: An rubuta 5mm. Takardar kuma tsohon ɗan littafi ne na Ingila da aka ba ni, har ya yi ja don tsufa.

Malama: Yauwa. Lamba 8 iri biyu ce. Ta Amurka ita ce milimita 5, ta tsohon lissafin Ingila kuwa milimita 4 ce. Lissafin nasu ma hannun riga suke: a na Amurka in lamba ta hau tsinke ya yi kauri, a tsohon na Ingila in lamba ta hau tsinke ya sirance, har lamba 14 ta zama milimita 2. Littafinki 4 yake nufi, ke kuma kin saƙa da 5.

Bari in lissafa miki ki ga inda kwana ta ɓace. Zare mai matsakaicin kauri da ake saƙawa da tsinke milimita 4 yakan ba da ido 22 a santimita 10. A ce takarda ta ce ki ɗora ido 66 a gaba, tana sa ran faɗin santimita 30. In babban tsinke ya sa kina samun ido 18 a santimita 10, idon nan 66 zai ba ki kusan santimita 37. Haɗa da baya, kin ƙara wa rigar fiye da santimita 13 a kewaye ba tare da kin ƙara ido ɗaya ba. Ni tun da na taɓa faɗawa ramin nan ban sake kallon lamba ba, milimita kawai nake dubawa.

Auta: Innalillahi. Milimita ɗaya ce ta yi min wannan aika-aika?

Goggo: Ita da ƙin gwaji. Ko da kin dace da tsinken, hannu ba ɗaya ba ne. Ni hannuna sakakke ne, abin da wata za ta saƙa da 4 ni sai na sauka 3.5. Gwajin ba wuya: ki ɗora ido kamar 32, ki saƙa har ya kai tsawon santimita 15. Kada ki auna shi yana kan tsinke, ƙarya zai miki. Ki rufe shi, ki wanke shi yadda za ki riƙa wanke rigar, ki shimfiɗa shi ya bushe. Sannan ki aza tef a tsakiya, ban da gefe, ki ƙirga ido nawa ne a santimita 10. Rabin ido ma ki ƙirga shi, don rabin nan in ya taru a ido ɗari riga ce ta canza. Ido ya yi yawa, hau babban tsinke. Ya gaza, sauka ƙarami.

Na san da ciwo. Mutum ya samu sabon zare jikinsa na rawa, a ce ya ɓata yamma guda kan ɗan ƙyalle. Amma ga shi kin ba da wata biyu.

Yaya Babba: Ni dai ban ga abin warwara ba. Yaro ai girma yake. A ninke a ajiye, nan da shekara uku ya sa abinsa.

Goggo: Da faɗi ne kawai da na yarda da ke. Saƙar da aka yi da tsinken da ya fi ƙarfin zare sakwa-sakwa take, wanki biyu ta zube, wuya ya buɗe, gwiwar hannu ta yi jaka. Kuma tsawon ta auna shi ne da tef na ɗan shekara biyu. Ranar da faɗin ya yi masa daidai, cibiyarsa a waje.

Yaya Babba: To na ji. Amma tausayin wata biyun nake ji.

Hajiya: Auta, in za ki warware, kada ki saƙa zaren a yadda ya fito. Zai fito a nannaɗe, in kin saƙa shi haka idanun ba za su daidaita ba. Ki naɗe shi a bayan kujera ya zama babban zobe, ki ɗaure shi wuri huɗu da wani zare don kada ya cukurkuɗe, ki jiƙa shi a ruwa mai ɗan ɗumi kamar minti ashirin. Ki matse shi cikin tawul, ban da murɗawa, ki rataye a inuwa. Kada ki ɗaura masa nauyi wai ya miƙe, zai kashe masa tsalle, wato miƙewa da komawar da yake yi. In ya bushe ki dunƙule shi sako-sako.

Amarya: Tunda an buɗe zancen tsinke, ni ma ga tawa. Kwarashi na iya, shekara shida ina yi, yanzu ina son koyon tsinke biyu. Sau uku ina farawa idanu na zubewa. Wane iri zan nema?

Hajiya: Na gora ko na katako, milimita 5, da zare mai santsi mai hasken launi. Na ƙarfe sulɓi gare shi, ido na gudu a kansa, sai hannu ya faɗa ake jin daɗinsa. Ki guji baƙin zare da mai gashi-gashi, ba za ki ga idon ba balle ki gane kuskure.

Malama: Ki kuma riƙe zaren a hannun hagu yadda kika saba da kwarashi, ki riƙa tsinto shi da bakin tsinke. Akwai masu riƙewa a dama suna jefa shi bisa tsinke, duk saƙa ɗaya suke fitarwa, amma mai kwarashi hagun ya fi mata sauƙi. Kwarashinki ma kada ki ajiye shi nesa. In ido ya faɗi ya yi tsani, da shi za ki kamo shi ki hau da shi layi-layi, ba sai kin warware ba. Ke da kika saba da takardun kwarashi ai kin san irin rikicin Auta: ɗaurin da Amurkawa ke kira na ɗaya, shi mutanen Ingila ke kira na biyu.

Amarya: Wannan ya taɓa cin ni a hula, ta fito kamar kwando.

Goggo: Ni shawarata ki fara da tsinke mai igiya, wanda kawunansa biyu ke haɗe da waya, mai tsawon santimita 80. Mutane na zaton na saƙar zagaye ne kawai. Ina saƙa shimfiɗaɗɗe da shi, in na kai ƙarshen layi in juya. Nauyin aikin yana kan cinya, wuyan hannu ya huta, kuma ba ranar da za a ce ɗaya ya ɓace a ƙarƙashin kujera. Abin dubawa ɗaya ne, mahaɗar waya da tsinke. Ki shafa da yatsa, in kin ji kaifi ki bar shi, zai riƙa cizon zare har ki tsani saƙa.

Inna: Ni dogayen tsinkena sun ishe ni, ina matse ɗaya a hammata ina gudu. Waya tana harɗe ni. Tambayata daban: na saƙa abin wuya, gefensa ya nannaɗe kamar tabarma. Na sa masa dutsen guga, ya kwanta, amma ya yi ƙyalli ya mutu kamar leda.

Malama: Ayya Inna, zaren roba ne, akirilik. Zafi narkar da shi yake, kuma in ya mutu ba ya dawowa. In dole ne, tururi daga nesa, dutsen bai taɓa shi ba. Nannaɗewar kuwa ba laifin hannunki ba ne. Ido iri biyu ne a saƙar tsinke, saƙar gaba da saƙar baya, kuma duk saƙar da ake yin layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya, haka halinta yake, don fuskokin biyu ba su ja daidai ba. Maganin tun wurin ɗora ido ne: ido huɗu ko biyar na kowane gefe ki riƙa yi musu saƙar gaba a kowane layi, haka layuka shida na farko da na ƙarshe. Ko ki yi gaba biyu baya biyu gaba ɗaya, irin na bakin hannun riga.

Inna: Da na sani.

Hajiya: Kowane zare da abin da ya tsana. Ulu na gashin tumaki ya tsani ruwan zafi da cuɗa, zai dunƙule ya zama kamar bargo, rigar babba ta koma ta jariri, sai fa wanda aka rubuta a takardarsa cewa yana jure injin wanki. Auduga ba ta da tsalle, tana gajiyar da yatsu, in an rataye ta a jiƙe sai ta yi tsawo. Don haka duk abin da aka saƙa, a shimfiɗe ake shanya shi. Mai son safa ta nemi zaren da aka gauraya, ulu kashi 75 nailan kashi 25, da tsinke milimita 2.5. Ulu zalla dunduniya ba ta daɗewa.

Sannan takardar da ke jikin dunƙule kada a yar. Akwai lambar launi, akwai kuma lambar rini. Launi ɗaya daga tukunyar rini biyu yakan bambanta kaɗan, a hannu ba a gani, sai an gama riga a fita rana a ga layi ya raba ta. A ɗauki abin da zai isa lokaci guda, a ƙara ɗaya. A kuma duba mita nawa ne a ciki, don dunƙule biyu masu giram 50 ba lallai tsawonsu ya zo ɗaya ba.

Yaya Babba: Baba Tela, ina ganinka kana karantawa ka yi shiru. Na saƙa jaka da kwarashi, in na sa makulli sai ya leƙo ta rami, ƙasan kuma ya zazzago. Ina son yi mata shafi da zif.

Baba Tela: Ina jin ku, ɗalibi ne ni a nan. Shafi kam fannina ne. Ki samu yadin auduga mai ɗan ƙarfi ki wanke shi tukuna, don auduga na shiga a wankin farko. Ki auna jakar a kwance ba tare da kin ja ta ba, ki yanka da ƙarin santimita ɗaya da rabi na ɗinki. Ki sa shafin ya ɗan gaza jakar kaɗan, ta haka shi zai ɗauki nauyi, saƙar ta huta. Zif ɗin a jikin shafi za ki ɗinka shi da keke. Bayan nan ki kalmashe baki, ki zura cikin jakar, ki kama da fil, ki ɗinke da hannu ƙanana-ƙanana. Kada ki tura saƙa mai kauri ƙarƙashin keke kai tsaye, ƙafar keken na kama zare ta ja shi, bakin jaka ya yi ta lanƙwasa.

In ya zama dole a hau keke da abu mai miƙewa, a canza allura zuwa mai mulmulallen baki, wadda ke ratsa tsakanin zare ba ta huda shi, a yi ɗinkin zigzag. Miƙaƙƙen ɗinki tsinkewa yake da an ja. Lambar allura kuma 70/10 ta yadi marar nauyi ce, 90/14 ta matsakaici, 100/16 ta mai kauri irin jins. Da yawa daga masu cewa kekensu na tsallake ɗinki, allura ce ta dakushe.

Yaya Babba: Allah ya ƙara girma, Baba. Hannun jakar fa? Shi ma ya yi tsawo har gwiwa.

Baba Tela: Ki ɗinka masa tef na yadi ta ciki, daga wannan kai zuwa wancan.

Goggo: Auta, ina kika shiga? In kin zo haɗa rigar a karo na biyu, da basilla marar tsini za ki haɗa, fuskar kirki tana kallonki. Ki riƙa ɗaukar ɗan zaren da ke tsakanin ido na farko da na biyu, nan ɗaya can ɗaya, kina ja a hankali, ɗinkin zai ɓace. Maɓallan kuma ki ɗaure su da kyau, ɗan shekara biyu komai baki yake kaiwa.

Malama: Ƙari ɗaya. Duk bayan layi goma ki zura wani siririn zare mai launi daban cikin idanun da ke kan tsinke, ki bar shi a nan. In kin yi kuskure kika warware, a kansa za ta tsaya, ki mayar da idanun ba ko ɗaya da ya ɓace.

Auta: Ina nan, Goggo, gwaji na tafi yi. Na ari tsinke milimita 4, na saƙa, na wanke, ya bushe da safen nan. Na ƙirga sau uku, ido 21 nake samu, takarda ta ce 22. Ido ɗaya ne fa. In wuce?

Goggo: Ido ɗayan nan kusan santimita uku ne a kewayen riga. Ga yaro mai girma ba zan hana ki ba. In kina son ta zauna daidai, sauka 3.75 ki sake wani.

Auta: Zan sake. Zaren ma bai gama bushewa ba, yana rataye.