Babur ne ke cinye mana asusu: mu sayar ko mu ci gaba?

Mai Gyara, Farin Gada:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma sai kun yi haƙuri na faro muku daga tushe.

Ina da shagon gyaran keke da babur a wajen Farin Gada, nan Jos. A watan Janairun 2025 muka haɗa 'yar ƙungiyar tsere, mu tara: masu keke biyar, masu babur biyu, ni da nake bakanike kuma ma'aji, sai wani abokina mai a-kori-kura da ke kwasar mu in ba shi da lodin dankali. Ba mu da wani uban gida da ya ɗauki nauyinmu. Duk Asabar kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, ni kuma in rubuta a wani littafi mai jan bango wanda duk ya sha baƙin mai. Asabar ɗin ma da dalili: uku cikin yaran suna zuwa coci ran Lahadi, mu kuma Juma'a ba ta yiwuwa, sai aka haɗu a tsakiya.

Daren jiya na zauna da littafin nan na buga lissafi, barci ya ƙaurace mini. Cikin kowace naira uku da muka kashe, biyu babur ne ya lashe. Alhali masu babur sau huɗu kacal suka shiga tsere duk shekarar, masu keke kuwa sau goma sha ɗaya, in an haɗa da ƙanana da muke shiryawa da wasu yaran Bukuru.

Baburan ma ba na tsere ba ne na asali. Bajaj Boxer ne guda biyu na hannu, muka cire musu kariyar ɗora kaya da fitilu da madubi, muka ɗaga shok, muka sa taya mai haƙora. Tayar nan ko a kasuwar Dilimi sai an wahala ake samu, kuma in ta taka kwalta na 'yan kwanaki sai ta zama kamar bakin tsohuwa. Ga fetur. Kowa ya san tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, har ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ga shi tun zamanin gwamna Jang aka hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru, to babur maras fitila maras lamba ba abin da za ka ratsa Terminus da shi ba ne. Dole a loda su a mota har filin da muke atisaye, wani tsohon wurin haƙar kuza a bayan Bukuru, mai jar ƙasa da tuddai da wani kududdufi a gefe. Ka ga man mota daban, man babur daban. Da hunturu kuwa ƙura ce ke mulki. Duk dawowa sai na zare soson nan da ke tace iska na wanke shi da kananzir, ruwan ya fito ja kamar kunun kanwa ya haɗu da manja, in matse, in shanya, in ɗiga masa mai, in mayar. In na yi ƙyuya sau ɗaya, ringi ne zai biya.

Abin da ya karya mu shi ne tafiyar Abuja a watan Nuwamba. Wasu samari suka gayyace mu wani fili a bayan gari. Babur ɗin Dogo, wanda a Jos yake tashi kamar an tsikare shi, a zagaye na biyar ya fara ƙara irin ta ƙarfe na cin ƙarfe, ya rage gudu, ya tsaya cak. Inji ya buga. Na kwance kan, na tarar fistan ya kama jikin silinda. Baƙin mai sabo ne, da hannuna na zuba kafin mu taso. Har yau ban gane abin da ya faru ba.

Masu keke kuma da kuɗin faci da sarƙa da ayaba suke rayuwa. Autanmu shekararsa sha bakwai, kekensa tsohon ƙarfe ne mai nauyin buhu. Bayan ƙaramar salla na kai su ƙasan Hawan Kibo, wajen Assop, na ce su hau. Yaron nan da sarƙarsa tana tsalle duk lokacin da ya miƙe tsaye kan feda, ya bar manyan a baya tun kwana ta biyu. Da muka iske shi a sama yana zaune bakin hanya yana cin rake. Ni ban taɓa ganin haka ba.

To tambayata: in sayar da baburan biyu in sayi kekuna biyu na kirki, ko in ci gaba da raba ɗan abin da muke da shi? Abin da ya sa nake jan ƙafa, masu babur ɗin su ne suka fara kawo maganar ƙungiyar, kuma Dogo ɗan gwaggona ne.

Tsohon Ɗan Keke, Anguwar Rogo:

Wa alaikumus salam. Yaro, na yi tseren keke tun kafin a haife ka, gwiwa ce ta sauke ni, don haka bari in fara da faɗa. Wa ya aike ka kai yaro ɗan sha bakwai Hawan Kibo? Hanyar da tirela ke tsinke birki? Kada ka kuma. Tudu bai ƙare a Filato ba. Ga hanyar Vom, ga ta Miango, ga gefen duwatsun Shere, in gari lafiya duk sun ishe ku.

Sannan sarƙar da ke tsalle laifinka ne, ba na talauci ba. A sabuwar sarƙa tazarar ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ce cif. Ɗauki tef ɗin tela, ɗora sifili a tsakiyar wata ƙusa, wata za ta faɗo daidai kan inci 12. In ka ga ta zarce da kamar milimita ɗaya da rabi, canza ta nan take. In ka bari ta kai uku, ta riga ta cinye haƙoran giya, sabuwar sarƙa ma ba za ta zauna ba, sai ka sayi duka. Kuna tsimin kuɗin sarƙa kuna asarar na giya.

Yanzu maganarka. Abin da kuke da shi wanda Legas da Fatakwal ba za su iya saya ba shi ne tudun nan. Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, ga sanyi, ga hawa ko'ina ka juya. Dubi Iritiriya: Asmara ta haura mita 2,300, keke kuma a can kamar ƙwallo yake a wurinmu. Daga can Biniam Girmay ya fito, wanda ya ci zango uku ya kuma ɗauki koriyar riga a tseren zagaye Faransa na 2024. Ruwanda ma ƙasar tuddai ce, ga shi a watan Satumban 2025 an yi gasar duniya ta keken kan titi a Kigali, karon farko a Afirka. Ban ce Autanku zai kai can ba, Allah ne masani. Na dai ce a keke ƙasarku tana taya ku, a babur kuwa aljihu ne kaɗai ke magana.

Amma kada ka sayar da duka. Ka bar ɗaya, ka mayar masa da tayar kwalta da fitila da lamba. Babur a gaban keke makaranta ce. Wanda ya laɓe a bayan wani yana tsira da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da iska ke ci, shi ya sa yaron da ke bin babur zai riƙe gudun da ba zai taɓa kaiwa shi kaɗai ba, ƙafarsa ta koyi juyawa da sauri. Mu da wata tsohuwar Honda aka horar da mu. Kuma ranar tsere wa zai bi su da ruwa da ƙafar canji?

Injiniya, Apo:

Oga Mai Gyara, kafin a yi wa babur hukunci a tambaye shi. Na ci amanar sana'ata in ban ce kai ka saita kafiretar nan a Jos ba. Ka duba fulogin da ka cire ranar, in yana nan. Ina kyautata zaton fari ne tas kamar alli.

Ga yadda abin yake. A Jos iska ba ta da kauri, sai inji ya riƙa shan mai fiye da iskar da yake samu, yana baƙin hayaƙi yana kasala. Bakanike mai kunne sai ya rage mai, ya sa ƙaramin jet, wato ɗan bakin da mai ke bi a cikin kafireta, babur ya warware. Daidai ne, amma a Jos. Da ka gangaro da shi Abuja, ka sauko wajen mita 700 ko fiye, iska ta yi kauri, man da ka rage bai ƙaru ba. Mai ya yi kaɗan, iska ta yi yawa, inji ya ɗau zafi. Ka haɗa da zafin garin nan, da injin da iska kaɗai ke sanyaya shi, da yaro ya murɗe totur a giya ta biyu zagaye biyar a cikin yashi. Fistan ya kumbura ya kama. Baƙin manka ba shi da laifi. Wani karon ka taho da jet ɗin asali a aljihu, ka mayar kafin a fara, ka yi zagaye biyu ka zare fulogi. Launin ƙasa-ƙasa kake nema.

Game da keke, in kun shigo ku kai yaran su ga filin tseren keke da ke babban filin wasa na ƙasa, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003. Ko kallo ne ya isa darasi: bango a karkace, keken ba birki, giya ɗaya, in ƙafar baya na juyawa feda ma na juyawa. Sai dai kada ka ɗauka keke ba ya cin kuɗi in an yi nisa. Ese Ukpeseraye, wadda ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke na Olamfik, a Faris a 2024 sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ta hau a irin wannan fili. Ƙasa guda ke nan, balle shago a Farin Gada. Tsadar tana nan tana jiranku, ta dai fi ta babur haƙuri.

Maman Ilham, Nasarawa Gwong:

Yaya, na ga ka ƙirga taya da fetur da fistan, ban ga inda ka rubuta watan Agusta ba. Ko don ba daga jan littafin kuɗin ya fita ba? Bari in tuna maka. Ruwa aka kwana ana yi, aka ce ƙasa ta yi santsi, Dogo ya ce shi ai a nan ake gane gwani. Aka kawo mana shi a bayan a-kori-kura, ƙashin nan da ya haɗa wuya da kafaɗa ya karye, hular kwanon ta tsage gida biyu, don irin ta 'yan acaɓa ce mai arha. Hoto da ɗauri da magani, adashina na wata uku ya tafi. Sati shida ni ke ba shi gwate a baki kamar jariri, Inna kuma har yau in ta ji ƙarar babur a lungu sai ta ajiye carbi ta leƙa. Ni ba ruwana da su jet da su iska. Ku sayar. In kuma ba za ku sayar ba, to hula ta gaske da abin kare ƙirji su zo kafin taya.

Dogo 07:

Anti, ai na ce zan biya ki, kin ga na fara. Yaya, ni ba na musu da lissafinka, amma akwai abin da littafi ba ya rubutawa. Ran da muka yi tseren keke kaɗai, mutum nawa suka zo kallo? Mu ne da awaki. Ran da aka tada babur, har mai shayin bakin titi ya rufe tebur ya zo, kuma shi ne ya saya mana lita biyar. Auta kansa ƙarar babur ce ta jawo shi filin, ka tambaye shi. Ku bar mini nawa, ni zan riƙa zuba masa mai daga kuɗin walda. Na Bala ku sayar, shi dama tun da ya yi aure ba ya zuwa. Kuma in jan masu keke ne, ni zan ja su, ba sai an nemo wani ba.

Mai Gyara, Farin Gada:

Injiniya, Allah ya ƙara basira. Na tono fulogin a cikin gwangwanin da nake tara tarkace, fari ne fat, har bakinsa ya ɗan narke. Ni na sa ƙaramin jet ɗin da hannuna tun watan Fabrairu, ina ta alfahari. Baba, na auna sarƙoƙin biyar da tef ɗin maƙwabcina, uku sun wuce milimita uku, har da ta Auta. Na karɓi faɗan. Maman Ilham, kin yi gaskiya, na shigar da naki a littafin yau da safe a matsayin bashi a kan ƙungiya, ba a kan Dogo ba.

Na yi magana da Bala, ya yarda a sayar da nasa. Kuɗin ba zai sayi kekuna biyu ba, watakila firam ɗaya na alminiyom na hannu da sarƙoƙi da hula. Baba, wannan jan da ka ce, tazara nawa ake bari tsakanin babur da keke, kuma da wane gudu ake farawa? Ina tsoron Dogo da totur.

Tsohon Ɗan Keke, Anguwar Rogo:

Ba a koyar da wannan a rubuce. Ku same ni a hanyar Vom ran Asabar bayan asuba, kafin motoci su yi yawa. Ni zan hau bayan Dogo, in ya taɓa birki ba tare da ya ɗaga hannu ba zai ji ranƙwashi. Ka mayar wa babur ɗin salansarsa ta asali, yaran suna bukatar jin muryata. Kuma ku zo da rigar sanyi.