Neman kalma: furotin da ke fara kwafin DNA a bakteriya

Malamar Bayoloji: Assalamu alaikum. Jibi zan ɗauki darasi a rediyo, kalma ɗaya ta hana ni sakat: "initiator". A bakteriyar E. coli sunansa DnaA. Yana manne wa wani gurbi a jikin zaren DNA da ake kira oriC, mai tsawon haruffan DNA (A, T, G, C) kusan 245, ya taru a kansa da yawa, ya murɗe zaren har ya tsage a inda A da T suka yi yawa, don ɗaurinsu biyu ne, na G da C uku. Me zan kira shi?

Ɗalibin Lab: Wa alaikumus salam, Malama. Mabuɗi. Ai buɗewa yake yi.

Mai Fassara: Ɗan ƙaramin wuri kawai yake buɗewa. Furotin DnaB, wanda furotin DnaC ke ɗorawa, shi ke bin zaren yana warwarewa. In ka ba DnaA mabuɗi, me ka bar wa DnaB? Ni mafari na gani.

Malamar Bayoloji: Mafari ya fi kama da wurin, wato oriC. Tun 1963 masana kimiyya Jacob da Brenner da Cuzin suka raba mai farawa da inda ake farawa, ba na so in haɗe su.

Baban Nahawu: Duk kun bar gini kuna ta yaɓe. Furotin? Kwafi? Bakteriya? Ina Hausar take? Kalmarmu tana nan: ƙyastu. Sau ɗaya ake ƙyasta shi wuta ta kama. Haka DnaA: da ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashi, yake aiki, da zarar kwafi ya kankama furotin Hda ya sa ATP ɗin ya koma ADP mai ƙarancin makamashi, ba ya sake tayarwa sai wani zagayen.

Ɗalibin Lab: Baba, da girmanka, sa'o'ina nawa ne suka taɓa ganin ƙyastu?

Baban Nahawu: Shi ya sa za a koya musu, ɗana. Turawa ma daga Latin da Girkanci suka tono nasu, ba wanda ya ce sun tsufa. Mu ne kullum muke jin kunyar namu. Kuma maimakon bakteriya a ce ƙwayar cuta.

Mai Fassara: A'a, Baba. Yawancin E. coli na zaune lafiya a hanjinmu. Kiran ta cuta koyar da kuskure ne. Aro kuma ba rashin kishi ba ne, littafi da alƙalami ma aro ne.

Baban Nahawu: Waɗancan sun shekara ɗaruruwa a bakinmu.

Malamar Bayoloji: Baba, a yi haƙuri, lokaci ya ƙure. Zan ce oriC masomi, DnaA kuma furotin mai share fage, tunda DnaB yake share wa. Ƙyastu zan kawo shi misali wajen bayanin ATP.

Mai Fassara: Mai share fage ya yi tsawo a rubuce, amma a kunne zai shiga.

Baban Nahawu: Masomi na yarda. Ɗayan kuwa, a littafina ƙyastu zan rubuta.