Neman shawara: Ɗalibaina sun ɗauki gonar makaranta wurin horo

Assalamu alaikum iyayena da yayyena malamai. Shekarata ta biyu ke nan ina koyar da noma da muhalli a wata sakandaren je-ka-ka-dawo a jihar Katsina. A aji ba ni da matsala da yara, amma da na ce mu fita gona sai fuskoki su canja. Ranar nan da na ce a ɗauko fartanya, wata yarinya ta tambaye ni, "Malam, laifin me muka yi?" Ashe tun kafin zuwana, duk wanda ya makara gona ake tura shi. Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Ga kuma matsalar lokaci. Bara mun shuka masara da gyaɗa a watan Yuni, aka tafi dogon hutu, da muka dawo a Satumba ciyawa ta shanye gonar, ragowar kuma awakin unguwa suka ƙarasa. Ba shinge, rijiya ɗaya ce, ga jarabawar gwaji ta WAEC da NECO tana jiran 'yan aji shida. Don Allah ta ina zan fara?

Tsohon malami daga Zariya: Wa alaikumus salam ɗana. Kafin iri, kafin taki, ka je wurin shugaban makaranta. Ka roƙe shi cikin ladabi, ba a gaban sauran malamai ba, a daina tura mai laifi gona. Muddin fartanya ce bulala, duk abin da ka koyar a banza ne. Sannan ran da za ku fita, kai ka fara tuɓe takalmi ka kama kunya. Na yi shekaru ina wannan aiki, ban taɓa ganin yaro ya raina aikin da malaminsa ya riga shi duƙawa a kai ba.

Malama daga Kano: Malam, ka rage girman gonar. Ka raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da 'yar fangalarsa, ko buhunan siminti da aka cika da ƙasa da takin gida. Ku shuka alayyahu, cikin mako huɗu an fara yanka. Abin da suka yanka su sayar wa malamai, kuɗin kuma su rubuta a littafi da hannunsu: nawa aka kashe, nawa aka samu. Yaran nawa sun fi riƙe wannan lissafin fiye da duk abin da na rubuta a allo. Buhu kuma ana iya jan sa cikin aji a kulle, akuya ba ta gani.

Batun jarabawa, ka yanke gorunan ruwa uku, ka zuba yashi a ɗaya, yumɓu a ɗaya, ƙasar lambu a ɗaya, ka tsiyaya ruwa daidai wa daida su ga wadda ta fi riƙewa. Ka tara musu iri, da takin zamani na yuriya da NPK 15-15-15, da wuta-wuta, su taɓa su faɗi suna.

Ɗan'uwa daga Maraɗi: Ni ɓangaren muhalli zan taɓa. Kada ka tsaya kan dashen itace kawai, yawanci rani ke kashe su. Nan wurinmu tun 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, ya fara aiki da manoma kan abin da muke kira sassaben zamani: kututturen da ya toho a gona ba a ƙone shi, sai a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran. Ka kai yaranka ƙarƙashin gawo da damina su ga ya zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, kuma geron da ke gindinsa ya fi kyau. Sai ka tambaye su dalili. Kakanninsu sun san amsar, su je gida su tambayo.

Malamin gona daga Jigawa: Ban yarda a bar noman damina gaba ɗaya ba. Kuskuren masara ce, ita tana son taki da noma a daidai lokacin hutu. Ka nemi irin wake mai saurin nuna, kamar wasu daga cikin irin SAMPEA na cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru, ku shuka dab da tafiya hutu. Ka ba yara biyar na kusa da makaranta da maigadi kason amfanin don su yi noma da feshi. In an dawo a roro, a koyi adanawa a buhun PICS mai ninki uku, wanda ke kashe ƙwaro ba tare da magani ba. Shinge kuma ku fara da ƙaya.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Baba, gobe in sha Allahu zan ga shugaban makaranta. Malama, buhu nawa kike ba kowane rukuni, kuma da rani sau nawa kuke ban ruwa a rana?