Musayar Waƙa: Hannun da Ya Zana Tutarmu

Mai Tawada:
Salamu alaikum jama'a. Jiya ina cike wata takarda sai na tsaya ina kallon hatimin da ke samanta: dawakai biyu farare, jar mikiya, baƙar garkuwa. Kowa ya san shi, amma babu sunan mai zane a jikinsa. Nan na tuna da Taiwo Akinkunmi da ya zana tutar Najeriya. Ya rasu ranar 29 ga Agusta 2023 yana da shekara 87, kuma sai da gawarsa ta shekara kafin a binne ta. Amsa-amonmu "ta" ne, kowa ya kawo nasa.

Da sunan Allah zan fara waƙata,
Shi ke ba hannu ikon ya rubuta.
Taiwo na Ibadan, ɗalibi a Landan,
Ya ga tallar gasar nan ya karanta.
Ya ja kore biyu, fari a tsakani,
Noman ƙasa da zaman lafiyarta.
Fam 100 aka ba shi, shi ne ladan,
Mu ko kullum muna gaida tuta.

Inna Zazzau:
Allah gafarta Malam, sannu da aiki,
Amma tatsuniyar ka gutsure ta.
Akwai jar rana a kan farin zanen,
Alƙalan gasa suka kankare ta.
Mai son yabon gwani ya san aikinsa,
Kafin ya buɗe baki ya furta.

Mai Tawada:
Hajiya, na san ranar kina goye,
Baiti huɗu ba ya ɗaukar dukkanta.
Kin zo da tsinke kina tonon silili,
Gawar da ta shekara ba ki ambata.

Ɗan Aruli:
Ku dakata tukuna. Malam, ɗangonka na uku gaɓa 12 ne, na farko da na biyu kuwa 11. Na rera shi sau uku, kullum sai na yi tuntuɓe a kan "ɗalibi". Ke kuma Hajiya, "gutsure ta" da "kankare ta" ai kalma ɗaya kika maimaita, wannan arhar amsa-amo ce.

Inna Zazzau:
Ƙanena, ba da ƙidayar yatsu ake auna kari ba. Nauyin gaɓa ake dubawa, mai nauyi da marar nauyi, haka malamai suka koyar da mu. Ga naka:

Yaro ya sami ma'auni a hanya,
Ya ce teku ma sai ya gwada ta.
Kawo baiti ɗaya naka mu gani,
Mai gyaran miya, ina tukunyarta?

Na-Bakin-Kogi:
Ku bar faɗan gaɓa ku ba ni wuri,
Jonathan ne ya tuna, ya kyauta.
Ya kira dattijo Abuja ya yaba,
Lambar OFR ya ba shi ya rataya ta.
Waɗanda suka riga shi ina suka shiga?
Kowa ya sha inuwar tuta ya manta.

OFR lambar girmamawa ce ta ƙasa. A watan Satumba 2014 aka yi wannan, kowa ya bincika.

Kawu Sarkin Noma:
Ɗana, shekara 54 ana jira,
Kai ka kira wannan abin bajinta?
Ruwan da ya sauka shuka ta bushe,
Ba ya mayar wa gona kyawunta.

Na-Bakin-Kogi:
Kawu, ruwan baya ya fi fari,
Ko ka fi son rijiyar da ta ƙafe ta?
Naku sun zo sun yi alkawarin jana'iza,
Iyali na jira, rana na tafiyarta.
Sai da gwamnatin Oyo ta miƙe,
Sannan ƙasa ta karɓi amanarta.

Kawu Sarkin Noma:
Ni ban da "namu" a cikinsu, ɗana. Na yi ta gaida tutar nan tun ina firamare, babu malamin da ya taɓa faɗa mini sunan mutumin. Wannan ne ke ci mini rai.

Ɗan Aruli:
"Rijiyar da ta ƙafe ta" ba Hausa ba ce, Yaya. Rijiya ƙafewa take, ba a ƙafe ta. Ka lanƙwasa harshe don amsa-amo ya zauna. Hajiya, kin nemi nawa, ga shi:

Ɗango in ya karye dole a ɗora,
Ko da na Malam ne, ba na kunyata.

Inna Zazzau:
"Kunyata" wa? Ka bar maganar a rataye. Ashe mai ma'aunin ma ɗingishi yake.

Ɗan Aruli:
Ta halatta a waƙa, Hajiya. Larurar waƙa ke nan.

Na-Bakin-Kogi:
To ni ma larura ce ta kama ni.

'Yar Makaranta:
Na makara, ku yi haƙuri iyayena. Tunda da hatimi Malam ya fara, bari in koma kansa. A jihar Idaho ta Amurka mace ce ta zana hatimin jiha, Emma Edwards Green, a 1891, aka ba ta dala 100. Ta zana mace da mai haƙar ma'adinai tsaye tare, kuma har yau ana kiran sunanta in an zo batun hatimin.

Can mace ta zana, an riƙe sunan,
Fiye da ƙarni ba a goge shi ba, an adana ta.
Nan namu ya yi wa gidansa fenti,
Kore da fari, don kada a manta.

Inna Zazzau:
Madalla da 'yata! Ɗangon na biyu ya ɗan ja, amma duk zauren nan ita ce ta kawo sabon abu. Ɗan Aruli, kar ka taɓa min ita.

Mai Tawada:
Kwana biyu ban leƙo ba. Ƙanena, na karɓi gyaranka, ɗangon ya koma "Taiwo ɗan Ibadan yana can Landan". Yau da safe na tambayi jikana, ɗan aji biyar, wa ya zana tutar da suke gaisarwa. Ya yi shiru yana sosa kai.

Na ɗauki littafinsa na buɗe bango,
Na sa Akinkunmi, na ce ya kwafa ta.
Ya rubuta sau uku yana haɗa baƙi,
Ya ce gobe zai kai wa malamarsu ta karanta.

Ɗan Aruli:
Malam, wannan na ƙarshen ma ya yi tsawo.