Wane cip za mu gani a sababbin na'urorin GPS na hannu?

Mai Awon Gonaki:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Aikina auna gonakin 'yan ƙungiyarmu kafin a raba taki, kuma na'urar GPS ta hannu da nake aiki da ita ta kwana biyu. Makon jiya na tsaya a gindin mangwaron da ke kusurwar wata gona na ɗauki lamba da safe, da yamma na koma na tsaya a kan saiwar da na tsaya ɗazu, sai na'urar ta ajiye ni kusan taku goma sha biyu cikin gonar maƙwabci. Shin sababbin na'urorin da ake sa ran fitowarsu za su zo da cip (ƙwaƙwalwar lantarkin da ke lissafa inda mutum yake) wanda kuskurensa bai kai mita ɗaya ba, har ya cancanci in ƙara haƙuri, ko kuwa in sayi abin da ke kasuwa?

Tsohon Safiyo:
Wa alaikumus salam, Malam. Mun taɓa yin irin wannan ɗoki a 2006, lokacin da Garmin ta fitar da GPSMAP 60CSx mai cip ɗin SiRFstarIII, wanda ya yi suna wajen kama sigina a ƙarƙashin itatuwa, amma kaifin jin nan bai kawar da kuskuren 'yan mitoci ba. Sauyi na gaske sai a 2020, da GPSMAP 65s da 66sr suka fara sauraron taurarin ɗan Adam ta zangon rediyo biyu, wato L1 a megahaz 1575.42 da L5 a 1176.45. Idan na'ura ta ji tauraro ɗaya ta zango biyu, tana iya lissafa jinkirin da sigina ke yi a ayonosfiya, sashen nan na sama mai caji, ta cire shi. Sannan L5 ya fi iya rarrabe siginar da ta zo kai tsaye da wadda ta daki bango ko reshe ta dawo. Kamfanoni ba su cika faɗin sunan cip ba sai wani ya kwance na'ura ya leƙa. Hasashena dai shi ne kamfanonin Airoha, reshen MediaTek, da Sony ne za su yi ta takara, kuma zango biyu zai sauko har kan masu araha.

Ɗalibin Lantarki:
Baba, ina tare da kai, sai dai ina ganin ƙasa da mita ɗaya ba aikin cip kaɗai ba ne. Tun Janairun 2023 Galileo, tsarin taurarin Tarayyar Turai mai aiki irin na GPS, ke watsa bayanan gyaran kuskure kyauta da aka tsara za su rage kuskure zuwa kimanin santimita 20, amma ta zangon E6 suke zuwa, ke nan ana buƙatar zango na uku, da eriya mai kyau, da tsayuwa wuri ɗaya na mintuna kafin lissafi ya nutsu. Cip ɗin ZED-F9P na kamfanin u-blox kuwa yana rage kuskure zuwa santimita kaɗan, da sharaɗin akwai tashar da ke aiko masa gyara. Masu hawan dutse a Turai da Amurka, waɗanda dominsu ake ƙera na'urorin nan, sun fi damuwa da ƙarkon batir, shi ya sa da GPSMAP 67 ta fito a 2023 aka fi tallata sa'o'i 180 da take yi kafin a sake caji. Ban ga alamar za su sayar da batir su sayi santimita ba.

Tsohon Safiyo:
Ka yi gaskiya, ɗana. Malam mai tambaya, ka sayi mai zango biyu yanzu, ka kuma gyara lokacin awo. Arewacin Najeriya yana kusa da ikwaitar maganaɗisu, wato layin tsakiyar maganaɗisun duniya, inda ayonosfiya ke rikicewa bayan faɗuwar rana, don haka hantsi ya fi maka. Ka fita daga inuwar mangwaron, ka bar na'urar ta tattara matsakaicin awo na mintuna biyar a kowace kusurwa. Idan kuma za ka gwada lambobinka da tsohuwar taswirar safiyo, ka duba ko a kan ma'aunin Minna, wato tsohon ma'aunin taswirorin Najeriya, aka zana ta, domin tsakaninsa da WGS84, ma'aunin da GPS ke aiki da shi, akwai tazarar gomman mitoci.

Mai Awon Gonaki:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ashe awon nawa na biyu dab da magariba na yi shi. Ranar Asabar zan koma da hantsi in sake gwadawa daga wajen inuwa.