Me ya sa malami ya ja layi a ƙarƙashin "he"?

Ɗalibi_Sabo:
Assalamu alaikum. Na rubuta "My brother he went home", sai malaminmu ya ja layi a ƙarƙashin "he", alhali a Hausa muna cewa "ɗan'uwana ya tafi gida". Don Allah, ina kuskuren yake?

Malama_Nahawu:
Wa alaikumus salam, ɗana. Harsunan biyu suna jera aikau (mai yin aiki), aikatau (kalmar aiki), sannan karɓau (abin da aikin ya faɗa wa), amma Hausa tana buƙatar "ya" ko "ta" bayan suna domin nuna lokaci da jinsi, Ingilishi kuwa a jikin aikatau yake nuna lokaci, shi ya sa "go" ya koma "went". Idan ka ambaci suna, wakilin suna ba shi da gurbi kuma: "My brother went home".

Mai_Bita:
Gaskiya ne, Malama. Ni abin da ya daɗe yana ba ni wahala shi ne tambaya, domin bayan "did" aikatau yana komawa asalinsa: "Did he go?" ake cewa, ba "Did he went?" ba.

Ɗalibi_Sabo:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Yanzu zan gyara sauran jimlolin kafin in mayar wa malam.