Wai har yanzu mawaƙi na samun kuɗi da kolatun?

Ɗan Rijiyar Ɗorawa: Salam jama'a, ƙanena ka waƙar yabo, ya gama sabbi guda biyu yana son ya kai a sa mishi su kolatun (waƙar da mai kira ka ji kafin a ɗauki waya), ni ko ina ganin zamanin ya wuce, mi kuka gani?

Baban Hajara: Wa'alaikumus salam. Kolatun kam ta yi tashe da, amma ko lokacin kamfanin layi ka ɗaukar kaso mai tsoka, ɗan tsakiya ya cire nashi, ɗan abin da yar rage shi mawaƙi ka gani, yanzu ko mutane sun koma kiran WhatsApp wa zai ji ta? Ya sa su manhajojin sauraron waƙa irin Audiomack da Boomplay, ita Boomplay ma cikin Tecno da Infinix take zuwa.

Ummu Sultan: Baban Hajara to data fa? Tun da NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya, ta yarda anka ƙara kashi 50 kan kuɗin kira da data a 2025 mutanenmu na ƙauye ba su iya sauraro a intanet wlh, wurin masu turi suka zuwa a cika musu memori, mawaƙi bai samun ko sisi.

Ɗan Rijiyar Ɗorawa: Gaskiya ne hajiya. To ya ɗora TikTok tukuna ko a san shi a riƙa kiranai biki, can kuɗin yake.